Ranar da Aka Duba Zuciyar Dogo

"Na gama magana, Auta. Ba zan aurar da ke ga majinyaci ba."

Mama ta faɗi haka ko kai ba ta ɗago ba. Ta danna dutsen guga a wuyan rigar Yaya kamar rigar ce ta yi mata laifi.

Auta na tsaye a bakin ƙofar falo, jakar makaranta rataye a kafaɗa. Ta san ta makara, amma ba ta fita ba.

"Mama, mura ce fa ya yi. Mura da ɗan zazzaɓi, irin wadda ta kwantar da ni da ke."

"Ni da ke mun zube a falon mutane?"



Dogo malamin wasanni ne a makarantar firamaren da take koyarwa. Lokacin da murar ta zaga unguwa, ta kwantar da shi 'yan kwanaki, ya tashi ya ce ya warke. Tun zazzaɓin bai gama sakinsa ba ya koma fili, yana gudu da yara da safe, da yamma ya buga ƙwallo da abokai. Ranar da ya zo gaida Mama da maganar aure ma daga fili ya biyo, wanka kawai ya yi. Ya durƙusa ya gaishe ta, yana miƙewa jiri ya ɗebe shi, ya dafe ƙirji, ya faɗi a kan teburin tsakiya, kofuna suka tarwatse.

A asibiti aka ce ƙwayar murar ce ta taɓa naman zuciyarsa, ya kumbura, bugun ya yi rauni. Aka ɗora shi a kan magani, aka hana shi gudu. Tun daga ranar Mama ta rufe ƙofa.

"Haka babanku ya yi min," in ji Mama. "Lafiyarsa lau, yana ɗaura igiyar takalmi zai fita aiki, ya kife a gabana. Kina goye a bayana. Ni na san abin da na haɗiya kafin ku girma. Ki ce in ɗauke ki da hannuna in kai ki inda na fito?"

"Mama..."

"Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Ki bar ni in yi guduna."

Yaya ya fito daga ɗakinsa da singileti, ya miƙa hannu ya karɓi rigar. Shi ne babba, shi ya tsaya musu a matsayin uba tun yana saurayi, kuma ya saba in ya yi magana a ce to.

"Har yanzu zancen malamin ƙwallon ne? Ga Mai Kemis nan, abokina ne, na san cikinsa na san bayansa. Mutum da lafiyarsa, da shagonsa, da natsuwarsa."

"Mutumin da ko tsaraba zai kawo sai maganin ƙarin jini?" Auta ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Me kika ce?"

"Ban ce komai ba, Yaya."

Ya harare ta, ya saka rigarsa ya fice. Auta ta ajiye jaka, ta zo ta durƙusa a gaban Mama, ta riƙe gefen zanenta kamar lokacin da take yarinya.

"Gobe za a sake duba zuciyar tasa. Ki zo mu je, Mama. Gani ya kori ji. In likita ta ce irin ciwon Baba ne, wallahi na haƙura. Ba za ki ƙara jin sunansa a bakina ba."

Mama ta kashe dutsen guga.

"Kin rantse fa."

"Na rantse."

"To, Allah Ya kai mu."

Sai da Auta ta fita titi sannan ta gane girman abin da ta ɗora wa kanta.

*

Da aka tashi tara ta same shi a bakin fili, zaune a kan benci ƙarƙashin bishiya, usur rataye a wuya. Yara na ta tsere a gabansa, shi ko sai dai ya bi su da ido. Mutumin da a da ba a ganinsa a zaune. Rigar wasannin ta yi masa yawa.

Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ta gaya masa yadda suka yi da Mama.

Ya juya usur ɗin a hannunsa, ya sake juya shi.

"Da ma ina son mu yi magana," ya ce daga baya. "Auta, na yafe miki alƙawarin da ke tsakaninmu."



"Ka yafe min me?"

"Mama ba ta yi ƙarya ba. Ni kaina in na kwanta, hannuna na kan ƙirjina, ina sauraro ko za ta tsaya. Wace irin rayuwa zan kai ki? Ki riƙa leƙa fuskata da asuba ki ga ko ina numfashi?"

"Ashe kai ma ka gama binne kanka." Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share su ba. "Ina can ina faɗa da uwata da yayana a kanka, kai kana nan kana rabon gado."

"Don ina son ki ne."

"A'a. Don kana jin tsoro ne. Ni ma ina ji, ai ban gudu ba."

Ya sunkuyar da kai. Ta ga ɗigon hawaye ya sauka a bayan hannunsa, ya yi saurin gogewa a wando.

"In aka ce babu sauƙi fa?"

"In aka ce, sai mu ji tare. Amma likita ba ta yanke ba, kai ba ka isa ka yanke ba." Ta ja hanci. "Kuma gaya min gaskiya, kana shan maganin?"

"Ko sau ɗaya ban tsallake ba."

"Ƙwallo fa?"

"Ko a talabijin, in an zo bugun fenariti tashi nake."

Dariya ta ƙwace mata cikin kuka. Shi ma ya murmusa, karon farko da ta ga haƙoransa tun da aka sallamo shi.

"To ta zo," ya ce. "In za a yanke min hukunci, gara alƙaliyar ta ga shaida da idonta."

*

Washegari suka tarar da shi a barandar sashen masu ciwon zuciya, cikin layin kujerun roba, tsakanin wani tsoho mai sanda da wata mata mai kumburarrun ƙafafu. Yana hango Mama ya miƙe zai durƙusa.

"Zauna," ta ce da sauri. "Kada ka faɗo min a nan ma."

Ya koma ya zauna, kunya ta rufe shi. Mama ta nemi kujera can nesa, ta ɗora jaka a cinya, ta kafe bango da ido. Auta ta rasa gefen da za ta zauna, sai ta tsaya a tsakiya tana murza yatsu.

Da aka kira shi suka shiga su uku. Ɗakin da sanyi, an rage haske. Gado ɗaya ne siriri, kusa da shi na'ura mai allo kamar na talabijin. Likitar mace ce mai furfura a goshi, tabaranta a saman hanci. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wace ce wannan?"

"Mamar wadda zan aura ce," in ji Dogo. "In an ba ni."

"Ka yarda su ji abin da zan faɗa?"

"Na yarda, Likita."

"To cire riga ka kwanta ta gefen hagu."

Dogo ya daskare. Ya dubi likita, ya saci kallon Mama, ya dubi ƙofa kamar mai neman hanyar tsira.

"Likita, a gaban Mama?"

Likita ta yi dariya har tabaranta ya zame. Ta ja labule ya raba ɗakin biyu, ta juyo da allon yadda Mama da Auta za su gani daga inda suke zaune.

"Shi ke nan, mun rufa maka asiri. Zuciyarka kawai za su gani, ita kuwa ai ka riga ka ba su."

Ko gezau Mama ba ta yi ba.

Daga bayan labule suka ji ya ce "wash" da aka shafa masa mai mai sanyi a ƙirji. Allon ya yi hazo-hazo, fari da baƙi suna motsi. Can sai ga wani abu ya bayyana, yana matsewa yana saki, wasu 'yan fatu a tsakiyarsa suna buɗewa suna rufewa kamar ƙofa a iska. Likita ta taɓa wani maɓalli, sauti ya cika ɗakin, fuu-tuf, fuu-tuf, fuu-tuf.

Auta ta lalubi hannun Mama ta riƙe. Hannun ya yi sanyi ƙalau, amma Mama ba ta janye ba.

Likita ta yi ta aikinta shiru. Ta ce ya ja numfashi ya riƙe, ya saki, ya ƙara juyawa. Tana tsayar da hoton, ta ja layi, ta sake sakinsa. Duk lokacin da ta ɗan tsuke baki sai Auta ta ƙara damƙe hannun Mama. Ta tuna rantsuwar jiya, ta shiga karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Daga ƙarshe likita ta raba allon gida biyu.

"Hajiya, matso ki gani. Na hagun nan hoton ranar da aka kawo shi ne. Dubi yadda take matsawa, kamar hannun da ya gaji da wanki. Na daman nan kuma na yau ne."

Ko Auta da ba ta san komai a aikin ba ta ga bambanci. Ta hagu tana motsi a kasale. Ta dama tana damƙewa da ƙarfi, tana saki, tana sake damƙewa.

"Ƙarfinta ya dawo sosai," in ji likita. "Saura kaɗan ta koma daidai. Gwajin jininsa ma ya nuna kumburin ya sauka."

Auta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Daga bayan labule aka ji wata doguwar ajiyar numfashi.

Mama ba ta saki fuska ba. Ta gyara zama.

"Likita, ni ba karatu na yi ba, tambaya ɗaya ce da ni. Zai faɗi wata rana ya bar min 'ya da goyo?"

Likita ta cire tabarau ta ajiye.

"Hajiya, rai ba a hannuna yake ba, ba zan yi miki alƙawarin da ba nawa ba. Abin da na sani zan gaya miki. Mutane da yawa sun yi murar nan sun warke, zuciyarsu ko ƙwarzane babu. 'Yan kaɗan ne take taɓawa, kuma a cikinsu mafi yawa suna komawa garau in sun huta sun sha magani. Wanda ke ba mu tsoro shi ne mai taurin kai, wanda zazzaɓi bai gama sakinsa ba ya koma gudu." Ta ɗaga murya ta waiwayi labule. "Kana ji na ko?"

"Ina ji, Likita."

"Sauran watanni kafin ka taɓa ƙwallo. Tafiya a hankali, eh. Gudu, a'a. In lokaci ya yi zan ɗora ka a injin tafiya in ga yadda za ta ɗauka, sannan in sake ka."

"Mijina ma lafiyarsa lau," in ji Mama, kamar ba ta ji ba. "Ya faɗi, ko asibiti ba mu kai ba."

Likita ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. Ta tambaye ta shekarunsa, ko yana da hawan jini, ko yakan yi kukan ƙirji, ko a danginsa akwai wanda ya tafi haka. Mama na amsawa hawaye na gangarowa. Yakan ce ƙirjinsa ya riƙe, sai ya sha ruwa ya ce gajiya ce. Ƙanensa ma haka ya tafi. Ba wanda ya taɓa duba su.

"Ban gan shi ba, don haka ba zan yanke ba," in ji likita a hankali. "Amma abin da kika kwatanta daban yake da na yaron nan. Shi rauni ya samu daga waje, kuma yana warkewa a gaban idonki. Na maigidanki ya fi kama da abin da ke bin jini. In gado ake tsoro, Hajiya, 'ya'yanki ne ya kamata ki kawo min in duba."



Mama ta juyo a hankali ta dubi Auta, irin kallon da uwa ke wa jariri mai zazzaɓi. Auta ta ji nata bugun ƙirjin har cikin kunnuwanta. Tunda take, ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba.

"Ba cewa na yi tana da wani abu ba," in ji likita. "Mai yiwuwa ƙalau take. A dai duba, in akwai a tare shi da wuri. Yanzu ba kamar da ba ne."

Labule ya motsa. Dogo ya fito, ya saka maɓallan rigarsa a karkace don sauri. Ya durƙusa a gaban Mama, wannan karon ba ta hana shi ba.

"Mama, a duba ta. Ni zan riƙa rako ta." "Amma ki shaida tun kafin a duba, ko me aka gani a tata zuciyar, ni ina so. Ba zan jira sakamako ba."

Mama ta ja bakin mayafi ta goge ido, ta daɗe tana gogewa.

"Tashi," ta ce da ƙyar. "Kuma gyara maɓallanka, ka fito kamar wanda aka koro."

*

A tasi Dogo ya zauna gaba, su biyu a baya. Auta na satar kallon Mama, tana neman abin da za ta karanta a fuskarta, amma Mama titi kawai take kallo. Sai da suka wuce shataletale ta ce da direba ya rufe gilashin gaba, iska na dukan yaron nan a ƙirji.

Auta ta danne murmushi ta sunkuyar da kai.

Suna shan kwanar layinsu murmushin ya gudu. Farar motar Mai Kemis na fake a ƙofar gida, wata baƙa a bayanta. Ƙofar falo a buɗe, takalman maza jere a bakinta, masu sheƙi, irin na manya.

Yaya ya fito da sauri yana gyara hula. Ya ga Dogo na fitowa daga tasi, fuskarsa ta haɗe.

"Mama, ina kuka shiga? Ina ta kiran wayarki. Baffannin Mai Kemis ne suka zo. Na ce musu su zo yau a tsayar da magana."

"Ka ce musu," in ji Mama. "Da izinin wa?"

"Ai na ga kin riga kin..." Ya rage murya. "Mama, manyan mutane ne, na ba su baki. Kada ki kunyata ni."

Auta ta san Mama, ba ta taɓa tsinka Yaya a gaban baƙi ba, ko da shi ne da laifi. Ta kama ƙofar tasi ta riƙe.

Dogo ya matso, ya ɗan rusuna.

"Mama, bari in wuce. Na gode da kika zo. Allah Ya huta gajiya."

Ya juya zai koma mota.

Mama ta dubi takalman, ta dubi ɗanta, ta dubi 'yarta da ke tsaye hawaye shaɓe-shaɓe. Ta gyara zaman mayafinta, ta miƙa wa Auta jaka.

"Ke, wuce ciki ki wanke fuskarki. Kai kuma," ta nuna Yaya, "kai ka ba su baki, ni ban ba su 'ya ba. Za ka zauna kusa da ni ka yi shiru, ni zan ba su haƙuri."

"Mama!"

Ba ta ko kalle shi ba. Ta ɗaga murya.

"Dogo."

Ya tsaya cak, hannunsa a kan murfin mota. Tunda yake zuwa gidan, yau ce ranar farko da ta kira sunansa da bakinta.

"Likita cewa ta yi kada ka yi gudu. To ina za ka?" Ta nuna bakin ƙofar falo da haɓa. "Cire takalminka ka ajiye a layi."